Musayar abinci ta mako biyu tsakanin Pittsburgh da ƙauyukan Zulu, da abin da aka gani a hanjin mutum 40

A watan Afrilun 2015 mujallar kimiyya ta Nature Communications ta fitar da sakamakon wani gwaji da ba kasafai ake yin irinsa ba. An ɗauki baƙaƙen fata 20 mazauna birnin Pittsburgh na Amurka, da wasu mutum 20 daga karkarar lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, dukkansu masu shekara 50 zuwa 65, aka yi musu musayar cima har mako biyu. Amurkawan suka koma kan masara da wake da ganye, mutanen ƙauyen kuma suka koma kan nama da soye-soye. Kafin musayar da bayanta, likitoci sun zura na'ura mai kyamara cikin babban hanjin kowa, suka duba, suka tsinko ɗan nama daga bangon hanjin, suka kuma ɗebi bayan gida don awo.

Wanda ya jagoranci aikin shi ne Stephen O'Keefe, likitan ciki da hanji a Jami'ar Pittsburgh, wanda ya daɗe yana aiki a Afirka ta Kudu kafin ya koma Amurka. Ya yi shi ne tare da masana daga wasu jami'o'i, ciki har da Imperial College ta Landan. Abin da ya tsaya masa a rai wani giɓi ne mai ban mamaki. A lissafin da masu binciken suka yi aiki da shi, cikin kowane mutum 100,000 na baƙaƙen Amurka kusan 65 ne ke kamuwa da sankarar babban hanji a shekara, adadin da ya zarce na fararen fatar ƙasar. A karkarar Afirka ta Kudu kuwa adadin bai kai 5 ba. Ga mutane biyu da asalinsu nahiya ɗaya ce, amma ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau goma. Da wuya a ce jini ne kaɗai, domin tun da daɗewa an lura cewa Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawaii, 'ya'yansu sun kamo mutanen wurin a yawan wannan ciwo, alhali a lokacin yana da ƙaranci a Japan.

Tambayar ta girmi gwajin O'Keefe

Wanda ya fara yayata tambayar ko abinci ne ke kawo wannan giɓi Denis Burkitt ne, likitan tiyata ɗan Ireland da ya yi kusan shekara 20 a Yuganda, shi ne kuma wanda aka sa wa wata sankarar yara sunansa bayan ya bayyana ta a 1958. Burkitt ya lura cewa cututtukan hanjin da suka cika asibitocin Ingila da kyar yake ganinsu a Kampala. Sai ya bi hanyar da ƙananan likitoci ma za su yi ƙyamarta, ya shiga auna kashin mutane a sikeli. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa ɗan ƙauyen Afirka yana fitar da abin da ya haura giram 400 a rana, kuma abinci yana ratsa cikinsa cikin kwana ɗaya da rabi, yayin da Baturen Ingila ke fitar da kusan giram 100 bayan abincin ya yi kwana uku ko fiye a ciki. A 1971 ya rubuta cewa bambancin yana ga faiba, wato ɓangaren tsiro da cikinmu ba ya narkarwa, irin su dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye.

Maganar ta karɓu, har ta zama abin talla a kwalin abincin safe a Turai. Sai dai a 1999 O'Keefe da kansa ya kawo mata cikas. Da ya auna abin da baƙaƙen Afirka ta Kudu ke ci, sai ya tarar faibarsu ba ta da yawa yadda ake zato, domin garin masarar da suke saye a kanti an riga an cire masa dusa. Abin da ya fi bambanta su da fararen ƙasar shi ne ƙarancin nama da kitsen dabba. Daga baya ne aka gane wani abu da lissafin farko ya tsallake. Idan aka dafa masara ta huce, wani kaso na sitacinta yana sake ƙullewa ta yadda ƙaramin hanji ba ya iya narkar da shi, sai ya wuce babban hanji yana aiki irin na faiba. Mutanen karkarar suna tuƙa tuwonsu mai tauri, wanda suke kira phutu, su ci da zafi, su kuma ci ragowar bayan ya huce. Ashe faibar tana nan, ma'aunin ne bai gan ta ba.

Yadda aka yi gwajin

Da farko an bar kowa a gidansa na mako biyu yana cin abin da ya saba, ana rubutawa ana aunawa. Daga nan aka kwashe Amurkawan zuwa wata cibiyar bincike ta jami'a, mutanen KwaZulu kuma aka sauke su a wani masauki a yankinsu, yadda ba wanda zai ci wani abu a ɓoye.

Amurkawan sun zo suna cin faiba kusan giram 14 a rana, aka ɗaga musu zuwa 53. Maiƙo da ke ba su kashi 35 cikin 100 na ƙarfin abincinsu aka rage shi zuwa kashi 16. An ba su abincin masara iri-iri, da miyar wake, da kuɓewa da tumatir, da mangwaro da sauran 'ya'yan itace. Ba a raba su da abin da ya fito daga dabba gaba ɗaya ba, akwai kifi a jerin abincin. Wannan yana da muhimmanci, domin masu kawo wannan gwaji hujja kan cewa dole a bar nama kwata-kwata sukan tsallake wurin.

Mutanen ƙauyen kuwa daga giram 66 aka sauke su zuwa 12, maiƙo ya tashi daga kashi 16 zuwa 52. Da safe tsiran Turawa da fanke, da rana burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya da soyayyen dankali, da dare nama da farar shinkafa. A idon mai kallo su ne suka ci riba a musayar.

Tun kafin a taɓa abincin kowa, leƙen farko ya nuna bambanci. An samu 'yan tsiro a bangon hanjin mutum 9 cikin Amurkawa 20, irin tsiron da wasunsu kan rikiɗe su zama sankara bayan shekaru, aka kuma cire su nan take. Cikin mutanen KwaZulu ba a samu ko ɗaya ba. Amma hanjinsu ma ba tas yake ba. An ga alamun kumburi a bangonsa fiye da na Amurkawan, abin da masu binciken suka danganta da tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta da ke tattare da zaman karkara. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjin ɓangarorin biyu su ma sun bambanta: na Amurkawa dangin Bacteroides ne suka rinjaya, na mutanen ƙauye kuwa Prevotella, masu gwanintar sarrafa hatsi.

Bayan mako biyu abubuwa suka juya. A wajen Amurkawa, wani sinadari mai suna butiret ya ninka sau biyu da rabi a hanjinsu, a wajen mutanen KwaZulu ya ragu da rabi. Wasu sinadarai masu cutarwa da ke fitowa daga ruwan matsarmama sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a Amurkawa, sun kuma ƙaru da kusan kashi 400 cikin 100 a ɗaya ɓangaren. Saurin da ƙwayoyin bangon hanji ke hayayyafa, wanda ake aunawa da wata alama da ake kira Ki67, ya sauka a Amurkawa ya hau a mutanen ƙauye. Haka ma alamun kumburi.

Abin da ke faruwa a cikin hanjin

Duk abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa yana gangarawa babban hanji, inda bakteriya masu ɗimbin yawa ke jiransa. Suna tsimar da shi kamar yadda gasara ke tsami idan ta kwana, kuma daga wannan tsimin ne butiret ke fitowa. Shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji. Ban da ciyar da su, yana kwantar da kumburi, yana kuma taimakawa wajen sa ƙwayar da ta lalace ta mutu maimakon ta ci gaba da hayayyafa. Mutumin da ba ya cin faiba, komai ƙoshinsa, bangon hanjinsa yana cikin yunwa.

Maiƙo kuma yana bi ta wata hanya. Idan ya yi yawa a abinci, hanta tana ƙara zubo ruwan matsarmama don a narkar da shi. Yawancin ruwan jiki yana sake tsotse shi, amma wani kaso yana tserewa zuwa babban hanji, inda wasu bakteriya ke juya shi ya zama sinadarai masu ƙona bangon hanji da lalata ƙwayar gado, wato DNA. Bangon da ake ƙonawa kullum dole ya yi ta sabunta kansa, kuma duk sabuntawa dama ce ta kuskure.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, jinsin bakteriyar bai sauya gaba ɗaya cikin mako biyun ba. Kusan mazauna hanjin su ne dai na da. Aikinsu ne ya sauya da aka sauya musu abin da ake turo musu. Wannan yana rage darajar tunanin cewa sai an sayi wani kwalin ƙwayoyi masu tsada kafin hanji ya gyaru.

Iyakar abin da gwajin ya nuna

A nan ne ya kamata a taka birki, domin labarin ya zagaya duniya da kanun da suka fi ƙarfinsa. Ba wanda ya kamu da sankara a mako biyun, ba kuma wanda ya warke daga ita. Alamu aka auna, waɗanda ake da dalilin ganin suna tafiya tare da haɗarin ciwon. Mutum 40 ne kacal, babu rukuni na uku da aka bari a kan abincinsa don kwatantawa, kuma an sauya faiba da maiƙo da nama duk a lokaci ɗaya, don haka ba a iya ware rabon kowanne. Ƙarancin ciwon a karkarar Afirka ma ba abinci kaɗai ke bayaninsa ba. Akwai aikin ƙarfi, akwai kuma waɗanda ke mutuwa da shi ba tare da an taɓa gano shi an rubuta ba.

Manyan gwaje-gwajen da aka yi kan mutane da yawa kuma ba duka suka goyi bayan zancen ba. A shekarar 2000 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 2,079 da aka taɓa cire wa irin wancan tsiro. An ɗora rabinsu kan abinci mai ƙarancin maiƙo da yawan faiba da ganye har shekara 4. A ƙarshe tsiron ya dawo wa kusan kashi 40 cikin 100 a kowane ɓangare, ba bambanci. O'Keefe yana ganin faibar da ake bayarwa a irin waɗannan gwaje-gwaje ba ta kai ba, sai ta haura giram 50 a rana kafin a ga aikinta sosai. Hujja ce mai ma'ana, amma hujjar mai kare matsayinsa ce. Akwai kuma batun lokaci: ciwon da ke ɗaukar shekara 10 zuwa 20 yana ginuwa, gyaran shekara 4 a kan mutumin da ya haura 60 yana iya zuwa a makare.

A ɗaya gefen, binciken da ke bin rayuwar jama'a shekara da shekaru ya fi karkata ga Burkitt. Binciken EPIC, wanda ya bi mutane sama da 500,000 a ƙasashen Turai 10, ya ba da rahoto a 2003 cewa masu cin faiba da yawa sun fi ƙarancin sankarar hanji. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya samu raguwar kusan kashi 10 cikin 100 ga kowane ƙarin giram 10 a rana, kuma faibar hatsi ce ta fi fitowa fili. A Oktoban 2015, wata shida bayan fitowar gwajin musayar, hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta ce giram 50 kullum yana ƙara haɗarin ta hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Jan nama kuma ta ajiye shi a matakin "mai yiwuwa ne". Idan aka haɗa su duka, abin da ke hannu shi ne raguwar haɗari mai matsakaicin girma, wadda ke taruwa cikin shekaru. Ta cancanci a yi aiki da ita, ba ta kai a kira ta garkuwa ba.

Wanda ciwon ya riga ya kama

Ko sauya abinci yana taimaka wa wanda ciwon ya riga ya kama tambaya ce daban, kuma a nan aka fi yi wa mutane ƙarya. An yi babban gwaji a Amurka kan mata 3,088 da aka yi wa maganin sankarar mama a matakin farko. An sa rabinsu su ƙara ganye da 'ya'yan itace da faiba sosai, su rage maiƙo, aka bi su sama da shekara 7. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna ciwon ya dawo ko sabo ya ɓulla ga kashi 16.7 cikin 100 na waɗanda suka sauya abinci, da kashi 16.9 na sauran. Gaskiya ne cewa matan ɓangare na biyun ma tun asali masu cin ganye ne daidai gwargwado, don haka abin da gwajin ya nuna shi ne ƙari a kan isasshe bai ƙara komai ba.

Ga sankarar hanji labarin ya ɗan fi daɗi. Masu bincike a Harvard sun bi mutum 1,575 da aka gano musu ciwon kafin ya bazu, suka ga duk ƙarin giram 5 na faiba a rana yana tafiya da raguwar kusan kashi 22 cikin 100 na mutuwa daga ciwon. Amma lura aka yi, ba gwaji ba, kuma wanda ke da ƙarfin cin wake da hatsi bayan tiyata sau da yawa shi ne wanda dama jikinsa ya fi sauƙi. Dukkan waɗannan mutane kuma sun karɓi maganin asibiti. Waɗanda suka ajiye tiyata da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) da gashin ciwon da na'ura suka rungumi ganye da jiƙe-jiƙe kaɗai, wani bincike na Jami'ar Yale da ya fito a 2017 ya nuna haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar hanji ma ya haura sau huɗu.

Akwai kuma lokacin da faibar kanta ke zama matsala. Wanda ƙari ya matse masa hanji, ko aka yi masa tiyata kwanan nan, ko kemo ke sa shi gudawa, likita kan ce ya rage ganye da wake na ɗan lokaci. Mara lafiyar da ke ramewa kuma ƙwai da kifi da nono yake buƙata ya riƙe jikinsa, hana shi su da sunan tsarkake jiki zalunci ne.

Inda zancen ya taɓa mu

Jerin abincin da aka ba Amurkawan ba zai ba Bahaushiya mamaki ba. Gero da dawa da masara da acca, wake da gurjiya, kuka da kuɓewa, zogale da rama da lalo da tafasa, duk suna cikin abin da gwajin ke nufi. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ɗauke da faiba kusan giram 11, kofin farar shinkafa bai kai giram 1 ba. Ɗanwake da alala, dambu, kwaɗon zogale, faten wake, ba sai an je kantin masu kuɗi ba. Ƙullewar sitaci bayan hucewa kuma tana faruwa ga duk dafaffen hatsi, kuma ɗumamawa ba ta warware ta duka, don haka ɗumamen safe da wasu ke jin kunyar a gan su da shi yana da abin da shayi da burodi ba su da shi.

Sai dai a biranenmu muna yi wa kanmu irin musayar da aka yi wa mutanen KwaZulu, ba tare da likita yana aunawa ba. Farar shinkafa da taliyar leda da burodi da lemon kwalba sun ture tuwo a gidaje da yawa, abincin ganye ya zama na wanda ba shi da hali. Ko tuwon ma, surfe ake yi masa sosai don ya yi fari, a tankaɗe, a zuba wa awaki dusar. Rage surfe ko haɗa garin da ba a cire masa dusa duka ba gyara ne da ba ya cin ko sisi. Nama kuma ba a ce a bar shi ba. Shawarar Asusun Binciken Sankara na Duniya ita ce kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, faiba kuma ta kai aƙalla giram 30 a rana. Yawancin mutanenmu ba su ma kai wannan naman ba. Maganar ta fi shafar mai albashin da tsire da balangu da kilishi suka zame masa abincin kowane dare, musamman ganin cewa naman da ya ƙone a kan wuta yana fitar da wasu sinadarai masu lalata ƙwayar gado.

Amfanin gona ma yana da nasa haɗarin a yankinmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin funfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo sankarar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Busarwa sosai kafin a zuba a buhu, da tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar maimakon a niƙa ta cikin ƙuli-ƙuli, suna cikin aikin.

Waɗancan Amurkawa 9 da aka cire wa tsiro, a ganina leƙen hanjin ya fi yi musu amfani nan take fiye da abincin mako biyun. A Amurka tun 2021 shawarar hukuma ita ce a fara gwajin neman sankarar hanji daga shekara 45. A wajenmu yawancin masu sankarar hanji suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa, kuma sau da yawa bayan an daɗe ana shan maganin basir. Jini a bayan gida, sauyin yanayin fita da ya wuce makonni, rama ba dalili, ko ƙarancin jini ga wanda ya haura 40, abubuwa ne da ake kai wa likita ko da mutum bai taɓa rabuwa da tuwon dawa da miyar kuka ba. Ana yin gwajin leƙen hanjin a asibitocin koyarwa, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.